Labarun Ban Tsoro na Mutanen Japan

Mutanen ƙasar Japan suna da wasu irin littattafai da su ke kira manga. Littattafai ne da a ke ba da labari a cikinsu ta hanyar zane. A kan raba kowane shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar da mutanen labarin su ke yi kuwa sai a rubuta ta cikin wani ɗan fili kusa da bakinsu. Galibinsu baƙi da fari ne. Wanda bai saba ba, in ya ɗauki ɗaya sai ya yi tsammani maɗaba'a ta yi kuskure ta juya shi, gama daga dama a ke buɗe shi a nufi hagu, kamar yadda mu ke buɗe littafin Larabci ko na ajami. A can ƙasar babba da yaro kowa yana karanta su. Akwai na wasanni, da na soyayya, da na tarihi, har da na dafe-dafe. Waɗanda za mu duba a nan su ne na ban tsoro, domin an fassara da yawa daga cikinsu zuwa Turanci da Faransanci, duk yaron da ke riƙe da wayar hannu kuwa yana iya cin karo da su. Wanda ya sha wahala ya koyi karatu da girmansa ya cancanci ya san abin da ke cikin littafi tun bai ba da kuɗinsa ba, ko ya bar shi a hannun ɗansa.

Na karanta waɗanda suka fi shahara, ga kuwa abin da na gani. Masu zanen nan gwanaye ne wajen buɗe ƙofar tsoro, da wuya a sami wanda ya fi su cikin masu ba da labari da hoto. Rufe ƙofar shi ke ba su wuya. Sau da yawa tsoron ya kan ƙare musu alhali labari bai ƙare ba, sai su ɗebo ƙazanta su cika sauran shafuffukan da ita. Tsoro daban, ƙyama daban, ko da ya ke dukansu biyu su kan sa mutum ya kau da kai.

Wannan sana'a tana da asali mai nisa. A zamanin da su ke kira na Edo, watau daga 1603 zuwa 1868, mutanen Japan suna da wani wasan dare. Sai a taru a kunna fitilu 100, kowa ya kawo labarin fatalwa ko na aljanu, duk labarin da aka gama a kashe fitila guda. Haka ɗakin zai yi ta ƙara duhu. An kuwa ce in aka kashe ta ƙarshe wani abu zai bayyana, saboda haka masu wayo su kan tsaya a kan labari na 99. Lokacin zafi su ka fi son irin wannan hira, wai don sanyin da tsoro ke sa wa jiki ya rage musu gumi. A 1825 wani marubucin wasan kwaikwayo mai suna Tsuruya Nanboku ya fito da labarin Oiwa, matar da aka ba guba fuskarta ta lalace, ta mutu da baƙin cikin cin amanar mijinta, sa'an nan ta dawo tana bibiyarsa. 'Yan shekaru bayan haka Hokusai, mashahurin mai zanen nan, ya zana fuskarta tana fitowa daga jikin fitilar takarda. Duk mai duban littattafan yau zai yi ta gamuwa da jikokin Oiwa, mace mai dogon baƙin gashi, wadda aka zalunta, ta mutu ta ƙi kwanciya.

Daga wajen 1930 kuma aka sami masu yawo da keke unguwa-unguwa, da ɗan akwati ɗaure a baya. Su kan sayar wa yara alewa, sa'an nan su nuna musu hotuna ɗaya bayan ɗaya suna ba da labari da baki, su yanke shi daidai inda ya yi daɗi, don yara su komo gobe da kuɗin alewa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu talauci ya yi yawa, kantunan ba da hayar littattafai suka yawaita, da talabijin ta shigo ta kashe kasuwar masu keke kuwa, sai masu zana musu hotuna suka koma zana littattafan haya. Ɗaya daga cikinsu shi ne Shigeru Mizuki, wanda aka haifa a 1922, ya rasu a 2015. Ya rasa hannunsa na hagu a yaƙi, ya komo gida ya ci gaba da zane da hannu guda. A 1960 ya fara fitar da labarin Kitaro, yaro mai ido ɗaya da aka haifa a maƙabarta. Ubansa ya mutu ya ruɓe, ba abin da ya rage sai ƙwayar ido guda mai 'yan hannuwa da ƙafafu, tana bin ɗan tana ba shi shawara, in ta gaji ta yi wanka cikin kofin shayi. Aljanun Mizuki na ƙauye ne, ya ji labarinsu tun yana yaro daga bakin wata tsohuwa a garinsu Sakaiminato. Tsoronsa irin na tatsuniyar kaka ne, wanda yaro ke ji yana jingine da jikinta, saboda haka ba na sa shi cikin waɗanda zan soka.

To, mu zo ga gwanintar. Abin da ya sa waɗannan littattafai ke kama mutum shi ne, mai karatu da hannunsa ya ke jawo wa kansa abin tsoron. A majigi hoto yana tafiya ko ka so ko ka ƙi, in ka runtse ido abin ya wuce. Mai tatsuniya kuma linzami yana hannunsa, in ya ga yara sun firgita ƙwarai ya sassauta. Amma littafi ba ya motsi sai ka motsa shi. Gwanin mai zane ya san haka, sai ya shirya shafinsa a kai. Gidajen hotuna su yi ta ƙanƙancewa, magana ta yi ta raguwa, a gida na ƙarshe, can ƙasa wajen hagu, sai ka ga yarinya ta waiwaya, ido a zare, tana duban wani abu da kai ba ka gani. Abin yana bayan takarda, ba kuwa mai nuna maka shi sai yatsanka. Ka kan ɗan dakata. Ka san abin da ke can ba alheri ba ne, duk da haka ka juya. Sai ka tarar hoto guda ya cinye shafi duka, wani lokaci ma shafi biyu, an zana shi da ƙananan layuka birjik har ba inda ido zai huta. Ba ya kuwa wucewa. Yana nan tsaye yana dubanka, kai ma kana dubansa, kana ƙara ganin abin da ba ka gani da farko ba, har sai ka yi ƙarfin hali ka bar shi.

Sa'an nan kuma gwanayensu ba su cika zuwa daji neman dodo ba, cikin ɗaki su ke samunsa. Misalin da ya fi kowane shi ne littafin Junji Ito mai suna Uzumaki, wanda ya fito kashi-kashi a wata mujalla daga 1998 zuwa 1999, aka tara shi ya zama littafi uku. An haifi Ito a 1963 a lardin Gifu. Ya yi shekaru yana sana'ar ƙera haƙoran sawa kafin ya koma zane ɗungum, haƙurin hannun nan na maƙerin haƙori kuwa yana nan a kowane shafi nasa. Sunansa ya kai har Amurka, inda aka ba shi lambar yabo ta Eisner a 2019 saboda zanensa na labarin Frankenstein. Ma'anar Uzumaki ita ce murɗaɗɗen zagaye, irin wanda ke jikin katantanwa, ko saƙar faifai da ke farawa daga cibiya tana kewayawa. Wannan siffa ita ce mugun labarin. Babu maye, babu aljani, babu dabba, siffa ce kurum ta kama gari.

A wani ɗan gari na bakin teku mai suna Kurouzu, wata 'yar makaranta, Kirie, ta ga uban saurayinta Shuichi ya tsuguna a lungu ya ƙura wa katantanwa ido. Mutumin ya bar zuwa aiki, ya cika ɗaki da duk wani abu mai murɗe. In zai sha miya sai ya juya ta ta yi zagaye, in zai yi wanka sai ya juya ruwan. A ƙarshe aka same shi cikin wani bahon katako mai zagaye, ya naɗe jikinsa kamar gammo, ya mutu. Da aka ƙone gawar bisa al'adarsu, hayaƙin ya tashi sama ya murɗe. Matarsa kuwa sai ta kamu da kishiyar cutar, ta tsani siffar, tana jin tsoronta. Ta aske gashinta don yana nannaɗewa. Ta dubi kan yatsunta ta ga zanen nan da Allah ya yi wa kowa, ta yanke fatar. Aka kwantar da ita a asibiti. A ofishin likita akwai hoton sassan jikin mutum a bango, ɗanta ya duba ya ga ashe can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa, ya roƙi likita a kawar da hoton kada uwar ta gani.

A nan ne na ajiye littafin na ɗan numfasa. Dubi yadda aka yi da mai karatu. Ba jini aka nuna masa a wannan wuri ba, hoton bango kurum. Amma ya riga ya san abin da matar ta yi wa gashinta da yatsunta, yanzu kuma ya san abin da ke cikin kunnenta, ita ce ba ta sani ba tukuna. Shafuffukan da ke biye duka jira ne, jiran kuwa ya fi abin da a ke jira ciwo. Da ta gane, ta kuma aikata abin da a ke tsoro, sai ta lalata abin da ke daidaita tsayuwar mutum a cikin kunne, ta ƙare kwanakinta da jiri, duniya tana juya mata, watau ta faɗa tsakiyar abin da ta ke gudu. Mai karatu zai rufe littafin ya dubi kan yatsansa. Ni dai na duba. An ɗauki abin da na ke gani kullum ban kula ba, an komo mini da shi ya zama baƙo.

A 2024 an mai da Uzumaki hoton majigi kashi huɗu, aka bar shi baƙi da fari don ya yi kama da littafin. Masu kallo sun yaba kashi na farko, suka yi ta gunaguni a kan sauran don aikin ya yi rauni. Amma a ganina ko da an kyautata duka, da wuya ya kamo littafin, tun da an ƙwace wa mai kallo juya shafi.

Gajeren labarin Ito na ramukan dutsen Amigara, wanda bai wuce shafi 30 da 'yan kai ba, ya fi wannan ma tsabtar aiki. An yi girgizar ƙasa, gefen dutse ya tsage, sai ga ramuka jere a jikinsa, kowane rami da siffar mutum a tsaye. Mutane suka gani a talabijin suka yi ta tahowa, kowa da abin da ya kawo shi. Ya hangi wani rami ne da ya tabbata nasa ne, daidai tsawonsa, daidai faɗinsa. Wanda ya sami nasa sai ya tuɓe ya shiga, an kuwa sassaƙa ramin ta yadda gaba kaɗai a ke yi, ba a komowa. Ba wanda ya tura su. Suna rawar jiki, suna shiga. In banda wani ɗan mafarki da ya nuna kamar hukunci ne na mutanen da, mai zanen bai tsaya bayani ba. Bayan watanni aka gano ɗaya gefen dutsen inda ramukan su ke fita, siffarsu ta miƙe ta karkace, ba ta kama da ta ɗan Adam. Wani ma'aikaci ya haska fitila cikin ɗaya, ya ga abin da ke tahowa, labari ya ƙare. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan caca ko mashayi yana nufar abin da zai halaka shi, ya sani sarai, ya kasa tsayawa, ya san ramin nan tun ba a zana shi ba.

Wanda ya share wa Ito hanya shi ne Kazuo Umezu, wanda ya rasu a watan Oktoba na 2024 yana da shekara 88. Abin mamaki, a mujallun 'yan mata ya fara yin suna. A 1965 ya fitar da labarin wata yarinya da aka kwantar da uwarta a asibiti, wata mata mai rikiɗa macijiya ta ɗauki matsayin uwar ta komo gida a maimakonta. Ina yaro zai gudu in abin tsoron ita ce mai ba shi abinci? Babban aikinsa kuwa shi ne Hyoryu Kyoshitsu, watau ajin da ya ɓace yana yawo, wanda ya fito daga 1972 zuwa 1974. Wani ɗan aji shida mai suna Sho ya yi faɗa da uwarsa da safe, ya fita da fushi. Ya isa makaranta ke nan sai ƙasa ta girgiza, makarantar duka da ɗaruruwan yara ta ɓace daga Tokyo ta bayyana a tsakiyar hamada. Daga baya suka gane ashe garinsu ne, amma a wani zamani mai zuwa bayan duniya ta lalace. Manya ne suka fara karyewa. Wani malami ya haukace ya kashe 'yan'uwansa malamai, mai kawo abincin rana ya kame abincin yana mulki da shi, aka bar yara su kaɗai su zaɓi shugaba, su nemi ruwa, su yi jinyar annoba.

Mutanen Japan na wancan lokaci sun san inda labarin ya dosa. Tun 1956 aka gano cutar Minamata, wadda dafin da wata masana'anta ke zubarwa cikin teku ya jawo, ya shiga kifi, ya shiga mutane. Hayaƙin masana'antu ya turnuƙe birane, iyayen yaran da ke karanta labarin kuwa sun ga yaƙi da yunwa da bom ɗin Hiroshima. Amma abin da ya riƙe littafin ita ce uwar Sho. Kowa ya ce ɗanta ya mutu, ita kuwa tana jin muryarsa, har a ke yi mata kallon mahaukaciya. Sai ta riƙa ɓoye masa abin da ya ke nema a wuraren da zai tarar bayan shekaru masu yawa, nan wuƙa cikin bango, can magani. Saboda ita da faɗan safiyar nan da ba su shirya ba mai karatu ke damuwa da yaran. Aibin Umezu shi ne kuwwa. Kusan kowane shafi baki a wangame, kowa na gudu yana ihu. In an fara ihu tun daga shafi na farko, ina za a sami ƙarin murya ranar da babbar masifa ta zo?

Uwar Sho ita ke tona abin da littattafan Ito suka rasa, watau mutane. Tun babi na farko na Uzumaki Shuichi ya ce wa Kirie su bar garin. Bayan haka ta ga wani ɗan makarantarsu ya rikiɗe ya zama dodon koɗi, gashin kanta ya miƙe ya nannaɗe yana neman shaƙe ta, ƙawarta ta halaka a gabanta, duk da haka kashegari ta ɗauki jaka ta nufi makaranta kamar ba abin da ya faru. Masu son littafin su kan ce ai wannan ma aikin la'anar ne, ita ta ɗaure ƙafafun mutanen garin. Na ji, amma ban gamsu ba. Littafi uku mu ke tare da Kirie, ba mu san abin da ke ba ta dariya ba, ko abin da ta ke fata in ta girma. Ido ne kurum aka ajiye mana a garin don mu yi kallo da shi. Ina iya jin tsoron hoto ba tare da na san kowa a ciki ba, amma ba na iya jin wa mutum tsoro sai na san shi, wannan na biyu kuwa shi ya fi daɗewa a zuciya.

Yanzu mu komo ga mai keke da alewarsa. Galibin waɗannan labarai kashi-kashi su ke fitowa cikin mujallu, mai mujalla kuwa yana so kowane kashi ya zo da nasa abin firgita, don a sayi na gaba. Shi ya sa tsakiyar Uzumaki ya zama kamar kasuwa, yau gashi, gobe sauro, jibi hasumiyar fitilar jiragen ruwa, kowane an nemo masa hanyar da zai murɗe. Waɗansu sun yi kyau ƙwarai, waɗansu kuwa da igiya aka jawo su. Akwai babin wani yaro da mota ta buge, gawarsa ta tashi daga kabari tana tsalle saboda wani murɗaɗɗen ƙarfen mota ya maƙale a jikinta. Ito mutum ne mai barkwanci, da gangan ya ke haɗa dariya da tsoro, amma a nan dariyar ta cinye tsoron.

In labari ya yi tsawo kuma tilas a rufe shi, a nan ne su ke tuntuɓe. Dubi Gyo, wanda Ito ya fitar daga 2001 zuwa 2002. Farkonsa madalla. Saurayi da budurwa sun je hutu tsibirin Okinawa, ita mai ƙarfin jin wari ce, ta ce tana jin ɗoyi a gidan, wani abu kuma yana sanda da sauri a bayan kaya. Da aka kama shi sai aka ga kifi ne mai ƙafafu. Kifi dai, abin da mutumin Japan ke ci kullum, ya fito daga teku yana bin sa har ɗaki. Da labarin ya tsaya kusa da nan da ya shiga sahun Amigara. Amma sai aka shiga bayani, wai wata ƙwayar cuta ce da sojan Japan suka yi gwaji da ita lokacin yaƙi, tana sa gawa ta fitar da iska, iskar ke tafiyar da ƙafafun ƙarfe. Kowane bayani yana rage tsoro, kamar yadda fitila ke mai da dodon bayan ɗaki ya zama tulu. Da tsoron ya ƙare aka koma ga kumburarrun mutane da aka ɗaura bisa ƙarafa, da bututu a baki da wani a baya, shafi bayan shafi. A wani littafinsa kuma, Remina, wata duniya ce mai ido da harshe ta zo tana lasar tamu. Abin ya yi girma har ya fi ƙarfin tsoro, sai kallo. Ƙarshen Uzumaki ya fi waɗannan, gama gidajen garin sun haɗu sun zama murɗe guda, aka sami wani tsohon birni na murɗe a ƙarƙashin tafkin garin, ba a kuwa faɗi wanda ya gina shi ba.

Batun ƙyama yana son a ɗan tsaya a kansa. Tsoro ya kan bi mutum har shimfiɗa, ya sa ya ƙi kashe fitila. Ƙyama kuwa abinci ta kan hana shi na sa'a guda, sa'an nan ta wuce. Kuma ido yana sabawa da ita, abin da ya tayar maka da zuciya yau gobe sai an ninka shi, shi ya sa mai zanen da ya dogara gare ta ba ya da wurin tsayawa. Ba na cewa duk mai zana ƙazanta malalaci ne. Hideshi Hino, wanda aka haifa a Manchuria a 1946 lokacin da mutanen Japan ke gudowa daga can bayan an ci su da yaƙi, littattafansa cike su ke da ruɓa da tsutsa. A wani labarinsa wani bawan Allah mai suna Zoroku, wanda ba ya son kome sai zane, maruru masu launi-launi suka fito masa, mutanen ƙauye suka kore shi daji, ya riƙa zane da mugunyar jikinsa. Abin ƙyama ne ba shakka, amma ƙyamar da ka ji ita ce wadda mutanen ƙauyen suka ji, sai ka ga an sa ka cikin masu korar. Wannan ƙyama tana da aiki. Suehiro Maruo kuwa, a littafinsa Shojo Tsubaki na 1984, ya zana wata marainiya da 'yan wasan yawo ke wulaƙantawa ta kowace hanya, ya zana ta da hannu mai kyau kamar zanen adon bango. Kyawun nan shi ya fi damuna, don yana kiran mai karatu ya tsaya ya more kallo. Wannan littafi ba na yara ba ne ko kusa, babba ma ba zan ce ya nema ba.

Wannan ya kawo mu ga mata. Littafin da ya fito da Ito shi ne Tomie, wanda ya fara a 1987 cikin wata mujallar 'yan mata, ya kuma sami yabo a gasar da aka sa wa sunan Umezu. Tomie kyakkyawar yarinya ce mai tawadar Allah a ƙarƙashin idon hagu. Duk namijin da ya gan ta sai ya haukace a kanta, ƙarshe ya kashe ta ya sassare, kowane yanki kuma ya tsiro ya zama sabuwar Tomie. A labari na farko malaminta ne da 'yan ajinsu maza suka sassare ta don su ɓoye laifi, kashegarin jana'iza ta shigo aji. A nan jikar Oiwa ce sosai, zalunci ne ya ƙi binnuwa, ba mamaki 'yan mata suka so ta. Amma labarin ya ci gaba har 2000, ana ta nuna ta maƙaryaciya, mai girman kai, mai raina maza, ana ta kashe ta ta sabuwar hanya. A hankali sai mai karatu ya ji kamar ana raɗa masa cewa ita ta jawo wa kanta. Wannan raɗa ba ta yi mini daɗi ba, balle ga saurayin da ke karatu shi kaɗai da dare.

Wanda ke son ɗanɗana wannan fanni, gajerun labaran Ito sun fi dogayensa, sai kuma babi biyu na farkon Uzumaki. Littafin Umezu na makaranta ya cancanci haƙurin babba duk da kuwwarsa. In yaro za a ba, Kitaro ya isa. Akwai kuma wani ɗan littafi da Ito ya fitar daga 2008 zuwa 2009 a kan kyanwoyi biyu da matar da zai aura ta sa aka kawo gidansa, Yon da Mu. Ya zana kansa da idanu a zare, ya zana matar da fararen idanu ba ƙwaya, ya nuna tabon da ke bayan Yon mai kama da ƙoƙon kan mutum. Gidajen hotuna su kan ƙanƙance kamar yadda ya saba, wani abu yana sanda cikin duhun gida, gabanka yana faɗuwa, ka juya shafi a hankali, sai ka tarar da kyanwa.